Tsakanin "Akan Yi" da "Ta Yi": Kare Littafin Shaihu Umar

Wani abokina malamin tarihi ya iske ni da *Shaihu Umar* a hannu, ya yi dariya ya ce, "Malam, har yanzu tatsuniya kake karantawa? In zaman kakanninka kake son sani, ai akwai littattafan da aka rubuta don haka." Ban ja da shi ba a ranar, domin ina da irin littattafan da yake nufi: *Zaman Hausawa*, da *Kano ta Dabo Cigari* na Abubakar Dokaji, da *Labarun Hausawa da Maƙwabtansu*. In na ce ban ƙaru da su ba na yi butulci. Sai dai duk sanda na rufe ɗayansu, ji nake kamar an zaga da ni babban gida, an nuna mini zaure da rumbu da madafa, amma ban iske kowa a ciki ba.

Tarihin abin sananne ne. A 1933 Rupert East na hukumar fassara ta Zariya ya sa gasar ƙagaggun labarai, aka sami littattafai biyar: *Ruwan Bagaja*, *Ganɗoki*, *Idon Matambayi*, *Jiki Magayi* da wannan na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Yawancin mutane *Ruwan Bagaja* suke ɗorawa a sama. Su je su yi ta dariyar Malam Zurƙe na cikinsa, ba na hana su, amma raha daban, nauyi daban.

Abin da ya raba ni da littattafan al'ada ƙaramar kalma ce: "kan". Lokaci sabau, inji masu nahawu. Akan kai lefe, akan yi wankan jego, sukan yanka rago ran suna. Wa ya kai lefen? Ita mai jegon, tana son ruwan zafin ko kuka take yi a bayan ɗaki? "Kan" ba ta da fuska. Littattafan sarauta kuwa suna da fuska, amma ta mutum ɗaya ce: sarki wane ya ci gari kaza, ya yi shekara kaza, ya rasu. Wanda aka ci garinsu ba ya cikin lissafi.

To duba yadda Ɓalewa ya yi da bauta. Malami ne, Shaihu Umar, zaune a Rauta, kusa da Bauci, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya shiga ba su labari cikin sanyin murya. Sarki ya tura fadawansa hari ƙasar Gwari, suka kamo mutane. Makau, mijin uwar Umar, jarumi ne a cikinsu, abokan fada suka yi masa hassada, suka kai sara cewa ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo. Aka kore shi daga gari. A nan nake son mai karatu ya tsaya. Laifin da ya tayar da hankalin fada ba kama 'ya'yan mutane ba ne, tauye wa sarki rabonsa ne. Mu ma da muke karatu, Makau muke tausayawa, muna jin haushin maƙiyansa. Mutanen da aka ɗauro kuwa, ko sunan ɗayansu ba mu ji ba, ba mu kuma tambaya ba. Sai can gaba, da aka sace yaron da muka sani, wato Umar yana ƙarami, ya faɗa hannun masu cinikin bayi a Kano, Balarabe Abdulkarim ya ƙetara hamada da shi, sannan mutum yake waiwayowa ya tuna cewa waɗancan Gwarawan ma suna da uwaye. Marubucin bai yi mana wa'azi ba. Ya bar mu muka zauna cikin hankalin mutanen wancan zamani, har muka kama kanmu da kanmu.

Masu cewa Ɓalewa ya sassauta wa bauta, tunda Abdulkarim ya riƙe Umar kamar ɗansa har ya zama malami, rabin littafin suka karanta. Ɗaya rabin na uwarsa ne. Mace mai 'yancinta ta fita neman ɗanta, aka yaudare ta aka sayar da ita a Murzuk, ta galabaita, ba ta sake sa shi a ido ba sai a Tarabulus, ganin da bai yi tsawo ba ta cika. Hanya ɗaya suka bi, ɗan ya dawo shaihi, uwar ba ta dawo ba. Ina sassaucin yake?

Ba wai littafin ba ya ba ni haushi ba ne. Kurar da ta zo ta cinye ɓarawon yaron daidai lokacin da ake bukata, wannan kam abokina ya yi gaskiya, ƙafar tatsuniya ce. Shi kansa Umar ya cika kirki, ko fushi bai iya ba, har nakan so ya ɗaga murya sau ɗaya. Amma gara wannan da *Ganɗoki*, wanda ya fara da zuwan Turawa da faɗan Kwantagora, ina gyara zama, sai marubucinsa Bello Kagara ya kwashe ni zuwa ƙasar aljannu.

Littafin al'ada guda da ba na jin kaɗaici a cikinsa shi ne labarin Baba mutuniyar Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta, ya fito da Turanci a 1954. Duk abin da littattafan "akan yi" suke jerawa yana ciki: aure, kishi, bori, ƙawance, riƙon 'ya'ya. Amma tsohuwar ba ta ce akan kama mutane a fanso su ba. 'Yan'uwanta ta ambata da sunayensu, da inda maharan suka same su, da yadda dangi suka yi ta haɗa kuɗin fansa. Masana sun ajiye littafin a layin tarihin al'ada. Ni a kantata kusa da *Shaihu Umar* yake.