Bangon Islamiyya: launi bakwai sun yi yawa

Tun da aka gama fentin bangon makarantar Islamiyyar layinmu, duk wanda ya leƙo shago sai ya tambaye mu yadda muka gani. To, bari mu faɗa a nan, kafin kwamiti ya ba da aikin bangon gabas bayan damina.

Yaron ɗan unguwa ne, kuma ya kiyaye: babu hoton mutum ko dabba, sai dagi da da'ira da kusurwoyi. Hannunsa ba ya rawa. Ya ce a makaranta an koya musu cewa Turawa ne suka fara irin wannan zane marar siffar halitta wajen 1910. Muka yi murmushi. Ya je gidan tarihi na Jos, ɓangaren gine-ginen gargajiya, ya duba kwafin Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina na asalin tun shekarun 1830, ya ga zayyanar da aka fitar da laka kawai.

Inda muke da ja shi ne launi. Mun ƙirga bakwai, kowanne yana ɗaga murya. Shi da bakinsa ya bayyana mana cewa ja kishiyar kore ce, shuɗi kishiyar ruwan lemo, rawaya kuma kishiyar shunayya, idan suka haɗu kowanne sai ya ƙara kaifi. Ilimi ne mai kyau, amma sai ya raba musu bangon daidai wa daida. Raba daidai tsakanin kishiyoyi adalci ne a gida, a bango kuwa faɗa ne. Wallahi ka tsaya minti biyu da rana tsaka, sai idonka ya fara yaji, ga shi nan ne yara ke zaman hadda.

Ai darasin yana cikin gafakar tsofaffinmu. Ku buɗe Alƙur'ani rubutun hannu irin na Kano ko Barno. Baƙi shi ne mai gida, shi ya ɗauki baƙaƙe. Ja na wasali ne, rawaya ta hamza, ɗigon kore kuma yana kan alifin da ba a furta shi idan an sadar da karatu. Launi huɗu, kowanne da aikinsa da gwargwadonsa, shi ya sa mutum ke kwana yana tilawa bai gaji da shafin ba.

Sannan mu 'yan kasuwa mun san fenti. Ruwan Jos da hazon hunturu ba sa barin ruwan hoda da shunayya, su ne ke fara koɗewa, ruwan ƙasa kuwa ƙura ba ta tona masa asiri.

Ba mu ce a karɓe aikin daga hannunsa ba. A ba shi bangon gabas, amma ya fara gwadawa a kan katako da launi uku: ɗaya ya ci mafi yawan fili, ɗaya ya bi shi, na ukun ya zama ɗigo. A jingina katakon a ƙofar makaranta mako guda, iyaye su gani da safe da yamma, kafin a taɓa kuɗin da suka tara.