Sunan Daliya a Jikin Saiwarta Yake

Wata ɗabi'a ta shigo wa masu noman furen daliya a nan Ingila, kuma tana damuna ƙwarai. Fure zai buɗe a lambun mutum, ya rasa sunansa, sai ya ɗauki hoto ya tambayi manhajar waya. Duk sunan da ta faɗa ya zauna. In kaka ta yi ya haƙe saiwar, ya raba wa maƙwabta da wannan suna na shaci-faɗi.

Daliya ba a gane ta da kallo ɗaya. Daga Meziko aka kai irinta Madrid a 1789, aka raɗa mata sunan Anders Dahl, masanin tsirrai ɗan Suwidin. Tun daga nan masu haɗa iri ba su huta ba, har nau'o'in da ke rajistar ƙungiyar masu lambu ta RHS suka haura 50,000. Wasu ƙunshe suke kamar ƙwallo, wasu tsini-tsini. Nau'in Café au Lait da ake rububinta a bukukuwan aure, gindi ɗaya kan ba da fure ruwan madara yau, wani makon ya ba da mai ratsin ruwan hoda. Ina hoto guda zai raba wannan gardama?

Ina da Bishop of Llandaff, mai jan fure da ganye baƙi-baƙi, wadda ƙudan zuma ba sa barin tsakiyarta. Na taɓa shuka 'ya'yanta, suka fito masu kyau, amma kowace da launinta. Kama da wane ba wane ba ne. Saiwa ce ke dawo da uwar sak.

Shi ya sa da sanyi ya ƙone ganye a Nuwamba, nakan haƙe gindi ɗaya-ɗaya. Sai su fito cunkus kamar dankalin Hausa, ba mai bambanta su. Kafin in taɓa na gaba nakan wanke wannan, in rubuta sunansa a jikin ɓawon, in ɗaura masa alama a wuya.

Wanda ka ba saiwa ya dogara da kai ne. Da sunan zai san tsayinta, da tazarar da zai bari, da sandar da zai kafa mata. Mai haɗa irin ma shekaru ya yi yana zaɓe kafin ya sa wannan suna. In alama ta ɓace, rubuta abin da idonka ya gani: ja ce, doguwa, ba suna. Maƙwabcinka zai shuka ta da saninsa.