Tafin Takalmi Da Rai

Yara manyan gobe, akwai kalmomi biyu na Turanci da kunne ba ya rarrabe su, sai ido: sole, watau tafin takalmi, da soul, watau rai. Kamar garin da muke zaune ciki ne da garin tuwo, sai dai mu murya ta raba mana su.

Shekisfiya ya yi wasa da su a wurare biyu da muke so ku lura. A farkon wasan Yuliyas Kaisar na 1599, Marulus ya tambayi wani baduku sana'arsa. Amsar baduku harshen damo ce, ko mai gyaran takalma ne, ko mai gyaran rayuka. Wannan raha ce, talaka na zolayar babba.

A wasan attajirin nan na Fenis kuwa, wanda aka buga a 1600, Shailok yana wasa wuƙa a tafin takalminsa gaban shari'a, zai yanki laba guda na naman Antoniyo. Sai Giratiyano ya ce masa a kan ransa yake wasa ta. A ganinmu nan gwanintar ta fi, gama kalma guda ta nuna wuƙar, ta kuma nuna ƙeƙasar zuciyar mai ita.

To, wanda ya juya wannan da Hausa, lalle ɗaya ta kuɓuce masa. Saboda haka ku karanta da ƙarfi, kunne ya ji ɗaya, ido ya ga biyu.