Kiɗan Omdurman: Abin da Faifai Ya Adana da Abin da Ya Bari

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Mutanen da suka zauna a Omdurman kafin yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023 suna da dalilin tuna bara. Sa'ad da suke ba da labarin Kasuwar Libiya, babbar kasuwar sari da ke yammacin birnin, wadda ta sami sunanta daga hajar da ake ɗaukowa daga Libiya ta cikin hamada, sukan fara da hayaƙin agashe, watau naman da Hausawa suka koya wa mutanen Sudan gasawa da garin ƙuli-ƙuli da yaji, har sunan ya zauna a bakin Larabawa. Daga nan sai mata masu shayi, sai rumfunan kaset inda kowane mai rumfa yake ƙure muryar rediyonsa don ya rinjayi maƙwabci. Dakarun RSF sun riƙe kasuwar kusan shekara biyu, sojoji suka karɓe ta a ƙarshen Maris 2025, bayan an riga an wawashe ta. Mai son jin kiɗan wancan zamani daga nesa ya dogara ga faya-fayen da aka sake bugawa, saboda haka ya kamata a auna su.

Uku ne suka fi yawo a duniya. A shekarar 2018 kamfanin Ostinato na Amurka ya fitar da tarin waƙoƙi mai suna Two Niles to Sing a Melody. A shekarar nan kuma kamfanin Habibi Funk na Jamus ya fitar da faifan Kamal Keila mai suna Muslims and Christians, watau Musulmi da Kirista, sa'an nan a 2020 ya biyo da na Sharhabil Ahmed, wanda ake yi wa kirari da sarkin jaz na Sudan.

Baƙi da dama, da sun ji wannan kiɗa, sai su ce ai buluz ne, irin na baƙar fatar Amurka. Akwai abin da ya jawo haka. Yawancin waƙoƙin Sudan an gina su ne a kan matakan sauti biyar, alhali kiɗan Masar da na Turawa suna tafiya a kan bakwai. Mai karatu zai iya gwadawa da kansa: ya je wurin ogan na majami'a, ya taɓa baƙaƙen haƙora kaɗai, ya bar farare. Abin da zai ji yana kusa da amon Omdurman, yana kusa da na buluz, yana kuma kusa da yawancin waƙoƙin da ake rerawa da garaya ko kuntigi a ƙasar Hausa. Amma kama da wane ba ta wane. Kiɗan Omdurman yana da nasa asali. Tun cikin shekarun 1920 mawaƙa irin su Khalil Farah da Sarur da Karoma suka kafa salon da daga baya aka kira haƙiba, wanda mai waƙa yake ja, 'yan amshi suna karɓa da tafi da ɗan tambari. Wanda ya kira wannan buluz ya ba ɗa sunan baƙon da ya kwana a gidan.

Tarin Ostinato yana da kyau ƙwarai ta wajen zaɓe. A cikinsa ake jin gogen Turawa da yawa suna tafiya tare kamar murya ɗaya, akodiyan yana ratsa su, mawaƙi kuwa ba ya gaggawa. Akwai Muhammad Wardi da Sayyid Khalifa da Hanan Bulubulu, akwai kuma Khojali Usman. Wannan suna na ƙarshe yana tuna wa mai sauraro yadda daɗin ya ƙare. A watan Satumba 1983 Shugaba Numairi ya kafa dokokin da suka rufe gidajen rawa na Khartum. Bayan juyin mulkin 1989 aka ƙara matsa wa makaɗa, aka ƙayyade lokacin tashi daga biki, Wardi da wasu da yawa suka yi gudun hijira. A 1994 wani mai tsattsauran ra'ayi ya shiga kulob ɗin mawaƙa a Omdurman ya daɓa wa Khojali wuƙa har lahira, ya kuma ji wa Abdulgadir Salim rauni. Wanda ya san wannan, zai ji waƙar soyayya ta Khojali da wani kunne dabam.

Faifan Sharhabil na rawa ne da nishaɗi, jita da ƙahonin Turawa suna wasa da juna, kuma tarihinsa yana da abin lura, gama matarsa Zakiya ce ake ɗauka mace ta fari da ta kaɗa jita a bainar jama'a a Sudan. Amma wanda ya fi nauyi a cikin ukun shi ne na Kamal Keila. An ɗauki waƙoƙin a gidan rediyo a farkon shekarun 1990, lokacin da yaƙin kudu da arewa yake ci, ana kuma yi masa fenti da addini. A wannan lokaci ne mutumin arewa ya tsaya ya rera waƙa yana kiran Musulmi da Kirista su zauna lafiya, yana ɗauko kiɗan kudu da na Dutsen Nuba yana sa wa a cikin nasa, yana kuma maganar marayun yaƙi da ke kwana a titi. Waƙoƙin ba su rasa aibu ba. Kalmomin da ya rera da Turanci ba su da zurfi, wani wuri kamar taken taro suke, maimaici kuma yakan yi yawa. Duk da haka ƙarfin halin yana rufe wannan rauni. Kaset ɗin sun kwanta a gidansa shekara da shekaru suna lalacewa kafin a ceto su. Ƙasar ta rabu biyu a 2011, shi kuwa ya rasu a 2021. Mutumin Kaduna ko Jos ko Kafanchan ba ya bukatar tafinta kafin ya gane abin da Keila yake roƙo.

Babban gibin da ke cikin waɗannan faya-faye shi ne, an zaɓi abin da kunnen Turai zai yi saurin karɓa, watau jita da ƙaho da goge. Ba laifi ba ne ga masu tarawa su tsaya a shekarun da suka zaɓa, amma mai sauraro zai iya gama ukun duka bai san cewa ɗiyar Hausawa ce ta buɗe wa mata ƙofar gidan rediyon Omdurman ba. Sunanta A'isha Musa Ahmad, wadda Sudan ta sani da A'isha Fallatiya, daga Fallata, sunan da ake kiran mutanen da suka fito daga yamma. Iyayenta daga ƙasar Sakkwato suka taso a kan hanyar hajji, suka zauna a Sudan kamar dubban 'yan'uwansu. Mahaifinta malami ne, a makarantar allonsa ta koyi sarrafa murya. Ta fara da waƙar gidan biki, mahaifin bai so ba, ta nace. An buɗe rediyon Omdurman a 1940, ba a daɗe ba aka ji muryarta a ciki, a zamanin da ake ganin abin kunya ne mace ta yi waƙa maza su ji. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta bi sojojin Sudan zuwa fagen fama tana yi musu waƙa. 'Yar'uwarta Jidawiya tana kaɗa mata ud, molon Larabawa. Ta yi waƙa da Larabci da Hausa, ta ziyarci Nijeriya, ta rasu a Omdurman a 1974.

Wannan gibi ba ƙarami ba ne. Hausawa sun fi shekara ɗari a Sudan. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma gumin Hausawa yana cikin gonakin audugar Jazira tun da aka buɗe su a 1925. Amma a watan Yuli 2022 aka kashe mutane da yawa a jihar Shuɗin Nilu a rikicin da ya tashi a kan ko Hausawa suna da haƙƙin ƙasa da sarauta. Tarihin kiɗa da ya tsallake A'isha yana ƙara wa masu kiransu baƙi ƙarfin gwiwa, ko da ba da niyya ba.

Haka nan kuma waƙoƙin mata na gidan amarya, waɗanda ake rerawa da daluka, gangar yumɓu, kusan babu su a cikin waɗannan faya-faye, alhali daga nan A'isha ta fito. Ma'ajiyar da ta fi kowace riƙe irin waɗannan muryoyi tana cikin ginin rediyo da talabijin na Omdurman, ginin kuwa ya zama sansanin mayaƙa tun daga farkon yaƙin har Maris 2024.

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma mai ita ba ya dawwama. A ƙauyuka da yawa na ƙasar Hausa akwai tsofaffin mata na zumunta da suka ƙago waƙoƙi da tulu da kacau-kacau, waɗanda ba su shiga Littafin Waƙoƙi ba, ba wanda kuma ya taɓa ɗauka. Wayar da ke aljihun kowane saurayi ta isa wannan aiki, muddin an rubuta sunan mai waƙar, da garinta, da shekarar da aka ɗauka.