Katantanwa da Wutar Wasa: Gyara ga Masu Fassara

A ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun, inda fadamun gulbin Sakkwato suke, katantanwa asalinta ɓawon dodon koɗi ce. Yara kan gyara bakinta, su murza bisa rairayi, sa'an nan su kife ta. Wanda ya kasa a buge shi da ita a bayan hannu. Da gwangwani ya samu aka riƙa naɗa shi, sunan ya bi shi, gama tsinin yana nan.

To, mai fassarar da ya kira wutar wasan nan mai juyawa "katantanwar wuta" ya ɗauki juyi ne, ya bar siffa. Ita bisa ƙusa take kewayawa, ba ta da tsini, ba a kife ta. Ta fi kusa da fanka, ko da yake wannan kalma aro ce.