Ƙarar Bindiga da Saitin Baka: Nazari kan Al'adar Harbi a Yammacin Kano

A Hawan Daushe, kafin a hango laimar sarki sai an ji bindiga. Masu bindigar fada su ɗura albarushi, su ɗaga bakinta sama, su saki, hayaƙi ya turnuƙe Ƙofar Kudu, dawakai su zabura, mata su rangaɗa guɗa. Ba harsashi a ciki, ba kuma abin da aka auna. Wanda tasa ta fi ƙara shi ne gwanin ranar. Haka abin yake a ƙananan hawan da ake yi a garuruwan hakimai, haka kuma a bikin naɗin sarauta ko na ɗan wani maharbi a ƙauyukan Gwarzo da Kabo. Ina ganin a nan ne ya kamata a fara duk wata magana kan harbi a ƙasar Hausa, domin bindiga ta daɗe a hannunmu, amma aikin da muka fi ba ta shi ne tsawa da kwarjini. Saiti, wato iya sa abu ya faɗa daidai inda ido ya nufa, a wurin baka da kibiya ya zauna, sai kuma danƙon yara.

Tarihi ya goyi bayan wannan. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci shigowar bindigogi a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, ya kuma nuna cewa Babba Zaki (1768 zuwa 1776) shi ne sarkin da ya fara ajiye masu bindiga su riƙa yi masa rakiya. A lura da aikin da aka ba su: rakiya, tsaron jikin sarki. Shekaru kusan talatin bayan haka, a yaƙin Tafkin Kwatto na 1804, jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ba su da dawakin kirki, amma 'yan bakansu suka karya rundunar dawakin Gobir. Joseph Smaldone, wanda ya wallafa littafi kan yaƙi a Daular Sakkwato a 1977, ya nuna cewa sai a ƙarshen ƙarni na 19 bindiga ta soma yin tasiri na gaske, kuma sarakuna sun fi damƙa ta a hannun bayinsu, saboda ba sa son makami irin wannan ya bazu a hannun hakimai da talakawa. Ko a Burmi, a watan Yulin 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a gaban bindiga mai ruwa, kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh, kwamandan rundunar Turawa. Garuruwan yammacin Kano, waɗanda suka sha fama da hare-haren Maraɗawa a ƙarni na 19, da ganuwa da sarƙaƙiya da 'yan baka suka kare kansu. Sarautar Sarkin Baka da har yau ake naɗawa a garuruwa da dama ragowar wancan zamani ce.

Dalilin bai tsaya ga siyasar fada ba, har da ƙirar bindigar kanta. Yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a birnin Burasels a 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, ta bar musu masu ƙanƙara da ake ɗurawa ta baki. Irin wannan bindiga ce maƙeranmu suka kwaikwaya, ita ce harba-ka-ruga da ke rataye a ɗakin maharbi har gobe. Cikin bututunta sumul yake, alhali bindigar saiti tana da zane a murɗe a cikin nata, wanda ke sa harsashi ya fita yana juyawa, ya miƙe bai karkace ba. Albarushinta da ido ake aunawa, na yau ba zai zo daidai da na jiya ba. Abin da ake zubawa a matsayin harsashi kuwa gutsattsarin ƙarfe ne, kowane da nauyinsa. Maharbin da ke riƙe da ita ya san haka sarai, shi ya sa gwanintarsa ta koma saɓo da sanɗa: sanin iska, sanin sawu, haƙurin kwanto, har ya matso kusa da gada ko zabon daji yadda ko yaya ƙarafan suka watsu wani zai samu. Wannan fasaha ce babba, ban raina ta ba. Sai dai fasahar kusantar nama ce, hannun da ke riƙe da bindigar ba a gwada shi da komai ba.

Wurin da ake koyon saiti na haƙiƙa shi ne bakin gona. Daga Garo zuwa Getso, daga Kutama har kan iyakar Katsina ta wajen Dayi, yaron da aka tura korar tsuntsu lokacin da gero ya yi kai, da danƙo yake tafiya. Reshe mai baki biyu, robar tsohon tayan keke, ɗan guntun fata, shi ke nan kayan aikin, ba a kashe ko sisi ba. Amma duba abin da yaron nan ke koya ba malami. Yana zaɓen tsakuwa masu girma ɗaya ya cika aljihu, domin ya gane cewa idan nauyi ya bambanta harbi zai bambanta. Yana jan robar zuwa wuri ɗaya a gefen kumatunsa kowane lokaci. Yana ɗauke numfashi kafin ya saki. Idan kurciya ta yi nisa ya ɗan ɗaga hannu, idan iska na kaɗawa ya ɗan kauce mata. Waɗannan su ne ainihin darussan da ake biyan kuɗi masu yawa a koya a kulob-kulob na harbi a Jamus da Koriya ta Kudu. A wurinmu kuwa da yaro ya kai shekara sha uku ko sha huɗu sai a ce ya girmi danƙo, ya ajiye, kuma babu wani mataki na gaba da zai taka. Idan gidansu na maharba ne ya bi uba daji. Idan ba haka ba, baiwar ta mutu a nan.

Akwai abin da nake ganin ya tauye al'adar maharba daga cikinta, kuma faɗarsa ba cin fuska ba ne. Maharbi yana da kirari, yana da makaɗin garaya da ke zuga shi, yana da layu da guru da sirrin da ya gada. Idan ya samu, a ce asirinsa ya ci. Idan ya kuskure, a ce naman nan ba nama ba ne, ko an ɗaure masa bakin bindiga, ko ya fito da ƙafar hagu. Ta haka samu da kuskure duk suka fita daga hannun mutum suka koma hannun gaibu, kuma abin da ba a hannunka yake ba ba za ka zauna kana gyara shi ba. Ɗan dambe a fili ake ganin faɗuwarsa, ɗan kokawa ma haka, shi ya sa damben gargajiya ya samu dandali da 'yan kallo da kyautar mota. Maharbi shi kaɗai ya san abin da ya faru a dawa, labari kawai yake kawowa gida, tare da nama idan an dace. Yanzu da dajin ya zama gona, barewa ta zama sai a labari, farautar rani ta koma ta zomo da gafiya da tarin karnuka, me ya rage da za a auna gwanintarsa da shi?

Wasu ƙasashe sun amsa wannan tambaya da takarda mai zagaye-zagaye. Harbin saiti yana cikin wasannin Olamfik tun na farko da aka yi a Atina a 1896. Masu yin sa don nishaɗi a Turai da Amurka sun fi farawa da ƙaramar bindigar hannu mai harsashi ɗan milimita 5.6, saboda ba ta da naushi a hannu kuma harsashinta ya fi kowane araha, don haka mai ƙaramin ƙarfi zai iya yin atisaye da yawa. Abin da suke dubawa idan za su saya shi ne laushin kunama, da kyawun ma'aunin saiti, da yadda mariƙin ya zauna a tafin hannu. Ƙarfin bindigar ba ya cikin lissafi, tunda takarda za a huda. Ƙasa da wannan akwai bindigar iska, wadda ba ta amfani da albarushi sam, matsattsiyar iska ce ke tura ɗan ƙwayar dalma mai milimita 4.5. Ana harba ta daga nisan mita 10, da hannu ɗaya, a tsaye, harbi 60 a zagayen share fage, kuma da'irar tsakiya mai maki goma faɗinta milimita 11.5 ne kacal, bai kai farcen babban yatsa ba. Da irinta Yusuf Dikec na Turkiyya ya ci azurfa a Faris a 2024, hannu ɗaya a aljihu, hotonsa ya zagaye wayoyin matasanmu. Wanda ya fi burge ni shi ne Saurabh Chaudhary, ɗan manomi daga wani ƙauye a yankin Meerut na Indiya, wanda ya ci zinare a wasannin nahiyar Asiya na 2018 yana ɗan shekara 16. Ƙauyensu bai fi Durun ko Gude wani abu ba. Abin da ya samu shi ne ɗan wurin atisaye kusa da gida da mai koyarwa.

To, matashin Gwarzo da ya ga wannan a waya ya ji yana sha'awa, ina zai dosa? Dokar makamai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1959, ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar hannu, komai ƙanƙantarta, tana rukunin farko tare da makaman soja, kuma Shugaban Ƙasa kaɗai ke da ikon ba da izininta. Bindigar iska tana rukuni na biyu tare da bindigar farauta ta zamani, lasisinta a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda yake. Harba-ka-ruga ce a rukuni na uku, ƙarƙashin Kwamishinan 'yan sandan jiha. A 2023 ma Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya bayyana cewa an dakatar da ba da sabon lasisi. Ga kuma tsada: bindigar iska ta gasa, irin ta kamfanin Steyr ko Walther, ta haura Yuro 1,000 nesa ba kusa ba. Duk wata fistol da za a ce ga ta da araha a bayan fage kuwa, hanyar kurkuku ce, kuma ƙirar da ba a san maƙerinta ba tana iya fashewa a hannun mai ita.

Ni ban ga laifin dokar ba game da bindigar hannu, musamman a wannan lokaci. Ƙauyukan da ke kan iyakar Kano da Katsina, ta wajen Shanono da Tsanyawa da Gwarzo, sun soma ɗanɗana abin da maƙwabtansu suka daɗe suna sha a hannun 'yan fashin daji, kuma mutumin da ya kwana yana sauraren ƙarar babura ba zai ji daɗin a ce masa bindiga abin wasa ce ba. Ba mu manta da Uromi ba, a Jihar Edo, inda a watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 'yan Kano, wasunsu daga Torankawa ta ƙaramar hukumar Bunkure, suna hanyar dawowa gida yin Sallah, don kawai an ga bindigogin gargajiya a motar da suke ciki. Kayan sana'ar da suka gada su aka kafa hujja da su aka ɗauki ransu. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne yadda tsoron bindiga ya haɗiye saiti gaba ɗaya, har ya zama babu wanda ke tunanin raba su, alhali kakanninmu a rabe suka bar mana su.

Baka ba ta cikin jerin makaman da waccan doka ta lissafa, kuma akwai tsofaffin da har yanzu sun san icen da ake sassaƙa ta da shi, da yadda ake murɗa tsirkiya, da karan da ke yin kibiya miƙaƙƙiya. Addini ma ya share mata hanya. Malaman fiƙihu sun yi ittifaƙi cewa harbin kibiya yana cikin 'yan wasannin da aka halatta sanya kyauta a kansu, tare da tseren dawaki da na raƙuma, kuma Ibnul Ƙayyim ya yi dogon bayani kan ƙa'idojin gasarsa a littafinsa na Furusiyya. Hadisai sun hana a ɗaure abu mai rai a mai da shi abin gwajin harbi, sun kuma hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa. Waɗannan biyun su ne ginshiƙan tsaron kowane filin harbi na zamani, mu kuwa a makarantar zaure muka karanta su. Ƙasar Butan, a tsaunukan Himalaya, ta mai da harbin baka wasanta na ƙasa, ƙauye da ƙauye suna karawa daga nisan kusan mita 145, wasu da bakan gora, ana waƙa ana rawa duk lokacin da kibiya ta samu allo. Turkiyya ta farfaɗo da nata harbin bakan na gargajiya har hukumar UNESCO ta sanya shi cikin kayan gadon duniya a 2019, shekara biyar kafin ta sanya Hawan Sallar Kano.

Abin da gasa irin wannan ke buƙata a Kabo ko Gwarzo bai fi ƙarfin ƙungiyar maharba ɗaya ba idan hakimi da 'yan sanda sun san da ita: filin makarantar firamare ranar da ba karatu, damin kara ko buhun ƙaiƙayi a jingine da tudun ƙasa, kwali mai da'irori, igiyar auna nisa, kibau marasa dafi, da mutum guda mai littafi yana rubuta maki. Yara su fara da danƙo daga taku goma, manya da baka daga taku talatin, Sarkin Baka ya zauna alƙali, makaɗin garaya ya zuga wanda kibiyarsa ta shiga tsakiya a gaban idon kowa. Mai littafin nan shi ne sabon abu a cikin lissafin, domin da shi ne maharbin Getso zai san ko ya fi na Garo, ya kuma san ko hannunsa na bana ya fi na bara.