Custer na Majigi da Custer na Tarihi

A shekarar 1941 aka fito da fim mai suna They Died with Their Boots On, wanda Raoul Walsh ya shirya, Errol Flynn kuma ya fito a matsayin George Custer, hafsan sojan doki na Amurka. Fim ne mai daɗin kallo, amma da sauran magana.

A kan jaruntaka fim ɗin bai yi ƙarya ba. An haifi Custer a 1839 a jihar Ohio. Ya gama makarantar hafsoshi ta West Point a 1861, shi ne na ƙarshe a ajinsu. Amma yaƙin basasar Amurka ya ɗaga shi, har ya zama janar yana da shekara 23. A Gettysburg, ranar 3 ga Yuli 1863, shi ya shige gaban mahayan Michigan suka kara da rundunar dokin Kudu.

Inda fim ɗin ya kauce shi ne abin da ya biyo bayan yaƙin. Ya nuna Custer mai kāre haƙƙin ƙabilun asali na ƙasar ne, miyagun ƴan kasuwa ne suka ƙaga labarin zinariya a tsaunukan Black Hills domin a karya alkawarin da aka yi da kabilar Lakota. Gaskiyar ita ce, Custer da kansa ya ja soja zuwa tsaunukan a 1874, tawagarsa ce ta ba da labarin zinariyar, alhali yarjejeniyar 1868 ta bar wa Lakota ƙasar. A 1868 kuwa ya auka wa ƙauyen Cheyenne a bakin kogin Washita da asuba, aka kashe shugabansu Black Kettle, har da mata da yara.

Mutuwarsa a Little Bighorn ranar 25 ga Yuni 1876 ma fim ɗin ya mai da ita sadaukar da rai. A tarihi kuwa, ya rarraba rundunarsa ne gaban mayaƙan da suka fi shi yawa, mutum fiye da 200 suka halaka tare da shi.

Aibin fim ɗin shi ne ya ɗauka duk mai ƙarfin zuciya mai adalci ne. Domin a wanke mutum ɗaya, an ɗora laifinsa a kan mutanen da aka ƙaga, waɗanda aka zalunta kuwa aka hana su ko da shaidar abin da ya same su.